Kango Da Shekarunsa

Jama'a, wannan mako ba daji za mu ba. A cikin gari za mu tsaya, mu leƙa wata irin gona wadda ba ta cikin littafin kowane malamin gona, ba a kuwa taɓa auna ta da igiya ba, amma tana sa miya a gidaje masu yawa. Ina nufin kango, da fulotin da aka yanka ba a gina ba, da filin ma'aikatar da ta mutu, da gefen hanyar jirgi.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne, da daminar nan na je ta'aziyya Mahuta ta ƙasar Kafur. Bayan an yi addu'a an shafa, na biyo ta wani lungu da na sani tun ina yaro, sai na tarad da taro a bakin wani kango. Ga tarin bulo an sauke, ga yashi, ga masu haƙa tushe sun jingina da shebur suna jira. A ciki kuwa masara ce kore shar, ta riga ta yi goyo, saura kamar mako huɗu a karya. Wani dattijo na tsaye a bakin darni, hannunsa na rawa.

Na gaishe shi, na ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce, "Ina fa lafiya, ɗana. Shekara goma sha ɗaya ina noman wurin nan. Yau an ce an sayar, in kwashe kayana. To, masarar da ba ta nuna ba, yaya ake kwashe ta?"

Gidan na wani mai sayen auduga ne a da. Da ya rasu 'ya'yansa suka watse, wani Kaduna, wani Ikko, matan aka aurar. Soraye suka rufta, katanga ta zube. Dattijon nan maƙwabci ne, ya roƙi babban ɗan da baki ya bar shi ya riƙa ɗan taɓa wurin don kada ya zama gidan macizai, aka ce ya je ya yi. Bana magada suka shirya, suka sayar, suka raba kuɗinsu. Mai saye kuwa bai san da wata masara ba, shi dai bulonsa ya sani.

Zan gaya muku yadda aka ƙare in mun kai can. Amma tun ran nan nake ta lura da kangaye a Funtuwa da Malumfashi da ƙauyukan da ke tsakani, har na gane wani abu. In kana so ka san shekara nawa wuri ya yi ba mai shi, ba sai ka tambayi kowa ba. Dubi abin da ke tsaye a ciki. In kuma kana so ka san shekara nawa mai noman wurin yake zaton ta rage masa, dubi abin da ya shuka.

Shekarar fari ba mai taɓa kango. Mutane na jin nauyin mai gida, ko da ya mutu. Sai yara da awaki da kaji, su ne ba su san wannan kunya ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yau wata ta aiko yarinya ta zub da toka da dare, gobe wata ta zub da shara, kafin shekara ta zagayo an sami juji. Da ruwa ya sauka sai zaƙami da tafasa da rai-ɗore da zurma su rufe wurin. A cikinsu kuma sai ka ga kabewa ta yi yaɗo, ko duma, ko tumatir, ba wanda ya shuka su, daga shara suka tsiro. To, kabewar nan ita ce mai kiran manomi. Duk maƙwabcin da ya ga yadda ta yi ƙiba ba taki ba noma, ya san ƙasar nan ba ta wasa ba ce.

Ba kuwa abin mamaki ba ne. Gidan da aka zauna shekara arba'in ko hamsin, kullum ana hura wuta, ana ɗaure dabbobi a turke, ana wanke-wanke, duk wannan ƙasa ta sha. Ga tsohuwar ƙasar gini ta narke ta koma inda ta fito. Shi ya sa mutanen da suke neman kufai da kango don shuka taba da barkono, abubuwan da ba su son ƙasa mai yunwa.

A shekara ta biyu ko ta uku ne ake sa fartanya. Galibi mace ce ke farawa, ko tsoho, ko almajiri. Abin da ake fara shukawa kuwa ba ya wuce kuɓewa da rama da yakuwa da alayyafo. Alayyafo mako uku zuwa huɗu an fara yanka. Kuɓewa wata biyu an fara tsinka. Wanda ya shuka waɗannan yana cewa ne a ransa, in an kore ni gobe ban yi hasarar kome ba. Ba ya yin shinge, ba ya kai taki, ba ya ma cika bari a gan shi a ciki da rana tsaka.

In damina biyu ta wuce ba wanda ya ce uffan, sai zuciya ta ƙara faɗi. Sai masara ta shigo, mai kwana 90 zuwa 120, wadda ke son taki da huɗa. Sai a kafa darni saboda awaki. Darnin nan fa ba ƙaramin abu ba ne, don ran da aka kafa shi ran nan yara suka rasa filin ƙwallo, mai zub da shara ta rasa juji, mai yanke hanya zuwa masallaci ya koma zagaye. Yawancin faɗan farko a kan kango ba da mai wuri ake yinsa ba, tsakanin masu cin moriyarsa ne.

Daga nan sai rogo, wanda ke shekara a ƙasa. Sai gwanda da ayaba a inda ruwan wanka ke bi. Sai a cire darni a dasa bini-da-zugu ko zogale ya zama shinge mai rai. Ran da ka ga an dasa mangwaro ko gwaiba ko lemo, ko an yashe tsohuwar rijiyar gidan an sa mata murfi, to mai noman nan ya daina lissafi da damina, ya koma lissafi da shekaru. Mangwaro mai aure sai ya shekara uku ko huɗu kafin ya ba da 'ya'ya, na ƙwallo kuwa ya fi haka. Ba mai dasa shi sai wanda ya sa a ransa ba za a zo ba. A nan ne kuma hatsarin yake, domin shekarun nan da suka kwantar masa da hankali, su ne suka kawo gari kusa, suka sa wurin ya yi tsada, suka tuna wa magada cewa ubansu ya bar ƙasa.

Ban da wannan doguwar tafiya ta shekaru, kango yana da tasa tafiya a cikin shekara guda. Da damina gona ne. Da kaka, in an kau da kara, ya zama masussuka da wurin shanya barkono da tumatir. Da rani mai kiwo ya ɗaure shanun turka, ko maginin ƙasa ya buga tubali, ko samari su dawo da ƙwallonsu. Sau da yawa mutum uku ko huɗu ne ke karɓa-karɓa a wuri guda ba takarda ba shaida, kowa ya san watansa. Mai shanu ya bar wa mai masara taki, mai masara ya bar wa mai shanu kara. Na sha ganin wannan shiri ya fi wanda aka yi a ofis ƙarko. Mai tubali ne kaɗai ba na so a cikinsu, don shi ƙasar yake kwashewa, in ya shekara biyar a wuri sai ya bar kududdufi, gidan sauro.

Kada wani ya zaci wannan sabon abu ne da talaucin zamani ya kawo. A 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar nan da Abdulkarim, ya sauka Katsina. Ya ƙiyasta kewayen ganuwarta mil 13 zuwa 14, amma mutanen da ya tarar a ciki bai ga sun fi 7,000 zuwa 8,000 ba, sun taru a sashi guda. Tun bayan jihadi ciniki ya koma Kano, yaƙi da Maraɗi ya hana birnin sakat, unguwanni suka zama kufai, kufai ya zama gona. A Kano ma, wadda ya ƙiyasta mutanenta 30,000, ya ga gonaki masu faɗi a cikin ganuwa. To, je ka Katsina ko Kano yau ka nemi gonakin nan. Gidaje ne, har sun tsallake ganuwar sun bar ta a baya. Watau gida ya zama gona, gona ta koma gida. Abin da ya ɗauki birni shekara ɗari, shi ne kangon Mahuta ya yi a shekara goma sha ɗaya.

Mu nan kudancin Katsina manyan kangayenmu auduga ce ta bar mana su. Kamfanin Turawan auduga na Ingila da aka kafa a 1902, wanda mutane ke kira Bisije, ya gina injin gurza a Funtuwa da Malumfashi. Hanyar jirgi ta taso daga Zariya ta ratsa Funtuwa da Gusau, ta isa Ƙaura Namoda a 1929. Kowane babban gari yana da filin kasuwar auduga, da ma'auni, da rumfa, da inda ake jibga buhuna. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna ta farko a Kakuri. Sa'an nan abu ya juya. A 1986 Gwamnati ta rushe hukumomin ciniki, har da ta auduga. Masaƙar nan ta Kakuri ta rufe a 2002, wasu suka bi ta. Jirgi ya yi ta ja da baya, manoma da yawa suka koma masara da waken suya. Filayen da aka keɓe don auduga da jirgi kuwa ba su tashi sun bi su ba, suna nan inda aka bar su.

Irin waɗannan filaye na hukuma ko na kamfani sun sha bamban da kangon gado. Mai su ba ya mutuwa, ba ya kuwa zuwa. Sai a shekara ashirin ba a ga kowa ba face mai gadi, shi ma da tasa 'yar gonar a ciki. Tun ana tsoro har a saba, har wanda ya fara noma ya tsufa ya bar wa ɗansa, har ɗan ya ba wani haya, har ma a sami mai ƙarfin halin sayad da "wurinsa". Ran da hukuma ta farka kuwa, ba ta san an yi wannan tarihi ba. Takardarta ta dauri za ta ɗauko, ta aiko da mai awo da jan fenti.

Malaman jami'a sun bi wannan al'amari a Kano. A 2001 wasu uku, Lynch da Binns na Ingila da Olofin na Jami'ar Bayero, sun buga bincikensu a kan masu lambu na cikin birnin, irin na Ƙofar Ruwa, suka nuna babban abin da ke barazana ga sana'ar shi ne rashin tabbas a kan ƙasa, gini na cin lambuna. Har a Amurka ma akwai irin wannan. Birnin Detroit, gidan ƙera motoci, yana da mutum wajen miliyan 1.8 a 1950, amma a ƙidayar 2020 ba su kai 640,000 ba, mazauna suka mai da dubban kangaye lambuna. Ashe ba mu kaɗai ba ne.

Yanzu ga tambayar da ta fi damun mutane, ita ce kuma wasu samari suka zuga dattijon Mahuta da ita. Suka ce masa, "Baba, ai ka wuce shekara goma, wurin ya zama naka, kai ƙara." Sun tsinci maganar ne, ba su tsinci ƙarshenta ba. Gaskiya ne a fiƙihun Malikiyya akwai abin da ake kira hauzi, yana cikin Risala da Tuhfa, alƙalanmu kuma suna aiki da shi. In mutum ya riƙe wuri shekara goma yana yi da shi yadda mai abu ke yi da abinsa, mai da'awa kuwa yana nan a gari, yana gani, ba abin da ya hana shi magana, bai yi ba, to in ya zo daga baya ba a sauraronsa. In tsakanin dangi ne, wa'adin ya fi haka nesa, ana kai shi shekara arba'in. Amma hauzi ba ya cin wanda ba ya nan, ba ya cin yaro ƙarami. Babban abin kuma, ba ya shiga abin da aka karɓa aro ko haya ko jingina. Wanda ya shiga da izini, ko ya shekara hamsin, baƙo ne. Dattijon nan da bakinsa ya roƙa, magada kuma ba su gari. Ta kowace fuska ba shi da hauzi.

Ta wajen dokar Gwamnati ma haka. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna amana, shi ke ba da takardar mallaka a wuraren da aka ayyana birni ne, ƙaramar hukuma kuma tana ba da izini a karkara. In hukuma ta karɓe wuri don amfanin jama'a, diyyar da doka ta ambata ta gini ce da amfanin gona da sauran abin da aka kyautata, kuma mai haƙƙin wurin ake nema. Wanda ya shiga filin hukuma ba izini, in ya sami wani abu, alheri aka yi masa. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

To, shin a bar noman kango ke nan? Ni ban ce ba. Tun da rashin tsaro ya tsananta a ƙasashen Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, mutane da yawa suka baro gonakinsu na daji suka shigo gari, manoma ne na haihuwa, ba su iya zama ba fartanya. Ga tsadar taki, ga tsadar mota tun da aka janye tallafin mai a 2023. Gonar da ke bayan katangarka, wadda ba ka biyan ko kwabo ka je, ba abin rainawa ba ce. Sai dai a yi ta da lissafi.

Lissafin farko na girman wuri ne. Fuloti mai ƙafa 50 da 100, sai an haɗa kusan tara irinsa kafin a sami eka guda. In ka cika shi da masara, galibi abin da za ka samu bai fi buhu guda da 'yan kai ba, ka kuwa ɗaure wurin wata huɗu. In ka sa kayan miya, kana tsinka kana sayarwa tun wata na biyu, in an tashe ka ma ka riga ka ci rabinka. Masara da dawa kuma suna da wani aibi a cikin gari, suna yin duhu, maƙwabta su yi ta ƙorafin ɓarayi da sauro, har a kai ga mai unguwa.

Na biyu, ka san abin da aka yi a wurin kafin kai. Kangon gida yana da tsohuwar rijiya da shadda waɗanda ciyawa ta rufe, sun sha cin akuya, wani lokaci har yaro. A neme su tun da rani a cike ko a rufe. Juji na yanzu kuma ba irin na da ba ne. Na da toka ne da kashin dabbobi, na yanzu rabinsa leda ne da kwalba da mataccen batir. Sai an tsince an rairaye. Inda aka yi garejin mota, ko aka fasa batir, ko aka ajiye maganin ƙwari, ko ruwan ma'aikata ke kwanciya, kada a shuka ganyen da za a ci. Dalma da sauran guba irin wannan ba su ruɓewa kamar taki, shekara ashirin ba ta kau da su. An sha auna kayan lambun da ake ba ruwan majemu da masana'antu a Kano, wajen Bompai da Challawa, ana samun irin waɗannan ƙarafa a ciki. Nan kam daɗewar wuri ba ta wanke shi.

Na uku shi ne wanda mutanenmu suka fi ƙi, don suna ganin kamar rashin yarda ne. A je gaban mai unguwa da shaidu biyu, a rubuta 'yar takarda. A faɗi wurin na wane ne, a faɗi aro ne ko haya, a faɗi abin da aka yarda a shuka, ko an yarda da itace ko ba a yarda ba, in an dasa kuma na wa zai zama. Sa'an nan a rubuta cewa in mai wuri zai karɓi abinsa, sai ya faɗa tun da rani kafin a yi shuka, in kuwa an riga an shuka sai a jira kaka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Takardar nan ta fi amfanin mai wuri ma, musamman ku 'yan kasuwa da ma'aikata da kuka sayi fuloti a gida kuna zaune wani gari. Ita ce shaidarku cewa aro ne. Ku kuma riƙa karɓar wani abu kowace kaka, ko kwano guda ne na masara, a gaban mutane. Kakanninmu da suke karɓar dami ɗaya daga wanda suka ba aron gona, ba yunwa ce ta sa su ba.

Mai noma a wurin kuwa ya tuna ƙarfin kango ba ya dawwama. Shekara uku ko huɗu na fari ƙasa na ba da abin da ta tara. Daga nan sai ka ga masara ta fara ja, ƙuduji ya leƙo. A lokacin ne ake gane wanda ke da tabbas da wanda ba shi da shi, domin mai zaton za a kore shi baɗi ba zai kai mangala goma ta taki ba. Sai ya yi ta tatsa har wurin ya koma fako. Mai wuri da ya ƙi faɗin wa'adi yana zaton dabara ya yi, alhali ƙasarsa ce ke mutuwa.

Dattijon Mahuta dai bai kai ƙara ba. Limamin unguwa da mai unguwa suka kira mai saye, suka ce, "Alhaji, ka dubi Allah ka dubi furfurar bawan Allahn nan. Mako huɗu ba zai rushe maka gini ba." Alhaji ya ce shi ya riga ya biya magina, siminti kuma ba ya jiran damina. Aka yi ta ja, har aka tsaya a kan ya fara haƙa ta gefen titi inda kuɓewa take, a bar masara sai an karya. Mangwaro biyu da dattijon ya dasa, waɗanda bara suka fara 'ya'ya, ɗaya ya faɗo daidai inda zaure zai zauna, aka sare. Ɗayan Alhaji ya ce a bar masa, zai yi inuwa a tsakar gida. Ya ba dattijon ɗan abin goro.

Da na koma bayan kaka na tarar gini ya kai linta. Na tambayi dattijon, aka nuna mini wani fuloti can bayan makaranta, na wani ma'aikaci da ke Abuja. Na same shi yana tsince leda. Na ce, "Baba, me za a sa a nan?"

Ya ce, "Kuɓewa da rama."

Na ce, "Ba mangwaro?"

Ya yi dariya, ya ce sai ya ga takarda tukuna.